Ƙasar Bokitan Inna

Asabar, 1 ga Maris

Na tare. Ɗaki ɗaya a bene, da 'yar baranda da ba ta fi faɗin tabarma biyu ba. Gidanmu kuwa, gidan da aka yanke cibiyarmu mu ukun, tun jiya makullinsa na aljihun wani mai tumbi da ya ce shaguna zai yi a wurin. Babban Yaya ne ya nemo mai sayen. Auta ta sa hannu a takarda tana goge ido da gefen mayafi, ni dai ban ga ɗigon komai ba. Ko ƙasar kabarin Inna ba ta gama kwanciya ba.

Rabon kaya ne ya fi ƙona min rai. Babban Yaya ya kwashi kujeru da firji. Auta ta ɗauki keken ɗinki, wai abin tunawa. Auta, da ko maɓallin rigarta ya cire sai ta nemi tela! Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina taka keke a shagon mutane, ina tsaye aka fita da shi. Da na buɗe baki sai Babban Yaya ya ce, "Ke ai kina da na wurin aiki." Ya leƙa bayan gida inda bokitan tumatir ɗin Inna ke jere, ya yi dariya. "Ga naki can. Tunda kin fi kowa son gidan, kwashi ƙasarsa ki tafi da ita."

Auta ta ce min, "Yaya, ai ƙasar nan ba a..." Na ce ta rufe min baki. Na ce zan kwasa, kuma sai sun ga jan tumatir a cikinta da idonsu, ko ɗaya ba za su ɗanɗana ba.

Shekara biyu ina juya Inna a gado, ina wanke ta, ina ba ta abinci a cokali. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Lahadi, 2 ga Maris

Baba mai baro ne ya hau min da su bene, bokiti-bokiti, yana nishi kamar zai shiɗe. Shi ne dai wanda Inna ke kira duk shekara ya kwashe tsohuwar ƙasa ya ɗebo mata sabuwa a bakin rafi. Tun da ta kwanta ba a sake kiransa ba, wa ke da wannan lokacin.

Yana ɗaure bokitan a baro ya ce, "Can za mu kai, 'yata?" Na ce can ina, ai na kwatanta maka ɗakin. Ya tsaya yana kallona, sannan ya ce to. Tsufa ne ke damunsa, ina ji.

Na san Inna canza ƙasa take yi duk shekara. Son wahala ne kawai irin nata. Wannan ita ce ta ƙarshe da hannunta ya cuɗa, ba mai sa ni in zubar.

Laraba, 5 ga Maris

Na buɗe gwangwanin madarar da Inna ke ajiye iri. Ita ba ta taɓa sayen iri ba. In tumatir ya nuna sosai sai ta zaɓi manya ta matse su a kan yankin tsohon zani, ta shanya a inuwa, 'ya'yan su bushe manne da tsumman. In lokacin shuka ya yi ta yagi ɓangare ta binne shi haka nan, zaren ya ruɓe, iri ya fito.

Tsumma ɗaya ya rage, na zaninta shuɗi mai ɗigon fari. Shi ne na ƙarshe da ta yi kafin ciwon ya shanye mata ɓarin jiki ya riƙe mata harshe. Shekaru biyun nan daga cikinsa na yi ta yaga ina shukawa don ta riƙa gani ta taga. Bai yi abin kirki ba, 'yan ƙwaya kaɗan, su ma ruɓewa suka yi, ban samu na iri ba. Na ɗauka kewarta yake yi. Takan nuna bokitan da hannunta mai lafiya tana wani gurnani, in ce eh Inna, na ba su ruwa.

Tumatir ɗin ba kyau gare shi ba. Ɗan shimfiɗaɗɗe ne mai tsaga-tsaga, kamar an ɗaure shi da zare. Amma guda biyu sun ishi tukunya, kuma na zaga kasuwa kaf ban taɓa ganin irinsa ba. In tsumman nan ya ƙare, ya ƙare ke nan.

Na yagi kashi ɗaya cikin uku na binne a tsohon kwano.

Alhamis, 13 ga Maris

Sun fito. Na tsuguna a kansu har na makara zuwa shago.

Talata, 18 ga Maris

Kayan makaranta sun yi mana yawa a shago, riguna iri ɗaya tari guda, ido har ya daina ganin zare. Rediyo, wadda ke mana aikin maɓalli, ba ta ja numfashi ba tun safe. Ni ma da rashin dabara na ba ta labarin bokitan.

"A tsohuwar ƙasar kika zuba? Wai! Ai gwaggona cewa take tumatir ba ya kwana inda uwarsa ta kwana. Ki sa albasa ko wake, shi ki nema masa sabuwa."

Na ce da tsohuwar zuma ake magani. Ta ce ita dai ba ta taɓa jin an yi miya da karin magana ba. Duk shagon aka kwashe da dariya har da mai shago. Ban yi ba.

Asabar, 5 ga Afrilu

Ranar dashe. Na juye bokitan ɗaya bayan ɗaya a kan leda, na farfasa ƙasar da hannu. Ta yi tauri, ta yi fari-fari a sama kamar an barbaɗa gishiri, cike da busasshiyar saiwa mai kama da gashin tsefe. Na tsince saiwoyin, na tankaɗe da tsohuwar rariya, na cuɗa da toka da kashin awaki da na roƙa wurin mai awaki a bayan layi.

Abin da na tsinta a ciki: ɓawon ƙwai da Inna ke daddagawa ta zuba, maɓalli baƙi, guntun cokali da take tono da shi. Sai na yayyafa ruwa, ƙamshin ya taso. Ƙamshin filin bayan gidanmu ne sak, da safe, in ta ɗaura zani a ƙirji tana faɗa da kaji. Na zauna a ƙasa na yi kuka mai isata. Ba wanda ya gani, to ba a yi ba.

Kowane bokiti gindi ɗaya. Sun tsaya ƙyam.

Juma'a, 18 ga Afrilu

Auta ta kira sau biyu. Na bar wayar ta yi ta kuka a kan teburin yanka har ta gaji.

Me za ta ce? Tun ranar da aurena ya mutu na dawo gida ta ce wa Inna, a kunnena, wai halina ne ba ya barina zama da kowa. Tun daga ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma ta fatar baki. Da Inna ta kwanta sai ta riƙa zuwa da yamma cikin kwalliya, ta zauna bakin gado ta riƙe mata hannu, ta cika mana ɗaki da turare, ta tashi kafin lokacin canza shimfiɗa. Wata rana na ce in ba za ta taɓa fon Inna ba ta daina zuwa tana yi mana ƙamshi. Ta kuwa daina. Da ma neman hanya take.

Lahadi, 27 ga Afrilu

Fure! 'Yan rawaya-rawaya a kan manyan. Sun kai min gwiwa. Na kafa musu sanduna na ɗaure da ƙyallen da ya rage a shago. Matar Babban Yaya ta aiko da gaisuwa, wai yaushe za a ci tumatir. A gaya mata ta wanke idonta, gani kawai za ta yi.

Alhamis, 1 ga Mayu

Ganyen ƙasa na guda biyu daga cikinsu ya yi rawaya, gefe ɗaya kawai, ɗaya gefen kore shar. Na tsinke. Wataƙila ruwa ne ya yi yawa.

Litinin, 5 ga Mayu

Shekaranjiya da safe lafiya lau. Na dawo da la'asar na tarar sun langaɓe duka kamar an zuba musu ruwan zafi, alhali ƙasar da danshinta. Washegari su ɗan miƙe, rana ta ɗaga su sake zubewa. Na rage ruwa, na ƙara ruwa, na jawo su inuwa, na mai da su rana. Kamar jinyar Inna, yau da sauƙi, gobe a koma gidan jiya.

Asabar, 10 ga Mayu

Sun mutu. Da furensu suka mutu, ɗaya har ya ɗaura 'ya'ya kamar ƙwayar wake.

Na tumɓuke ɗaya na tsaga karan da reza. Waje kore, ciki kuwa ja-ja baƙi-baƙi tun daga gindi har sama, kamar tsatsa ta bi bututu. Na ce kambun baka ne, bakin matar Babban Yaya ne. Na faɗa har sau biyu a fili ko zan yarda, ban yarda ba.

Lahadi, 11 ga Mayu

Mai shago ta ce in cuta ce a ƙasar, zafi na kashe ta. Na wuni ina tafasa ruwa a babbar tukunya ina kwarara wa bokitan, har gas ya ƙare. Sannan na baje ƙasar a leda rana ta dake ta. Hannuna ya ƙone wuri biyu.

Ruwan ya bi ta ramin baranda ya zuba kan shanyar matar mai gidan haya a ƙasa. Farar rigar mijinta. Ta hauro tana huci. "Ɗaki na ba ki haya ko gona?" Na ba ta haƙuri, na karɓi rigar na wanke. Ni da haƙuri, abin da ban taɓa ba Auta ba.

Talata, 13 ga Mayu

Na sake yagar tsumma. Ya yago fiye da yadda na so.

Alhamis, 22 ga Mayu

Sun fito, amma sirara. Ban gaya wa kowa ba. Ko Rediyo da ta tambaya cewa na yi ban sake shukawa ba.

Juma'a, 30 ga Mayu

Ko ganye huɗu ba su kai ba. Wuyansu ya tsuke daidai bakin ƙasa, suka kwanta ɗaya bayan ɗaya. Yau na ƙarshen ya kwanta.

Na ciro tsumman na shimfiɗa a gwiwa. Abin da ya rage bai fi tafin jariri ba. Shuka ɗaya ce, babu ta biyu. Na nannaɗe na mayar gwangwani na danne murfin da ƙarfi, kamar wani zai ƙwace.

Haushin Inna nake ji yau, Allah ya yafe min. Komai ta koya min, yadda ake yanka wuyan riga, yadda ake sa zif, amma wannan ba ta taɓa zaunar da ni ta ce ga dalili ba.

Litinin, 2 ga Yuni

Matar mai gida ta ce tururuwa na saukowa daga barandata zuwa kicin ɗinta. Bokitan da ba komai a ciki sai mushen kara, in kwashe su kafin wata ya ƙare, ko ta sa a watsar mata da su bola. Ana wata ga wata.

Laraba, 4 ga Yuni

Na sauko daga dokin naƙi. Na ce bari in yi yadda Inna ke yi, a ɗebo ta bakin rafi in gauraya, ko rabi da rabi ne, ai dai ƙasarta na ciki. Na samu Baba mai baro a inuwar da suke zama kusa da tasha, yana gyaran taya.

Na ce Baba, rafin nan da kake ɗebo wa Inna ƙasa nake so ka je min.

Ya ce, "Wane rafi?"

Na ce rafin da kuke zuwa duk shekara, ta bi ka wai don kada ka ɗebo mata yashi.

Ya ajiye taya. Ya share hannu a riga, ya daɗe yana sharewa. "'Yata, ni ban taɓa zuwa wani rafi ba. Gidan ƙanwarki muke kaiwa. Mu juye tsohuwar a bayan gidanta, su shuka wake da albasa a kai, mu ɗebo wadda ta huta mu dawo da ita. Kunyar shuka uku ce a can, bana a ɗebi wannan, baɗi waccan. Ni dai ɗauka ce tawa. Marigayiya ta ce kada in faɗa miki, ba ta son ranki ya ɓaci. Ranar tashinku ma na zaci can za mu."

Na ce to me take yi a can wuni guda?

"Hira. Su baje tabarma su yi ta dariya, ni a ba ni abinci in kwanta a zaure."

Ban san yadda na dawo gida ba. Na dai ga kaina a baranda da takalmi a ƙafa.

Alhamis, 5 ga Yuni

Na ɗinke hannun riga a baibai har guda uku. Mai shago ta ce in je gida in kwanta.

Asabar, 7 ga Yuni

Dariya. Wai su yi ta dariya.

Yanzu nake tunawa. Ranar kai ƙasa takan sa zaninta mai kyau, in ce Inna bakin rafi za ki da wannan, ta ce ai mutum ba ya fita kamar mahaukaci. Ta dawo da magariba fuska a sake, tana 'yar waƙa a hanci, jikinta na wani ƙamshi. Na taɓa tambaya ta ce mai turare ne ya shafa mata a hanya. Turaren Auta ne. Shekara da shekaru ina shaƙa ban gane ba.

Ni nake dafawa, ni nake wanki, ni nake raka ta asibiti mu wuni a layi. Da ni ba ta dariya sai dai "kin kashe gas?" da "kin rufe ƙofa?" Dariyar sai ta sa zani mai kyau ta kai wa Auta, ta dawo min da ƙasa.

Kuma ƙasar da na yi kuka a kanta, da na ƙona hannu saboda ita, da na ce ita ce rabona a gidan, ashe daga bayan gidan Auta ta fito. Ko abin da aka jefa min don a yi min dariya ba nawa ba ne ni kaɗai.

Gurnanin nan da take yi tana nuna bokitai. Ba ruwa take cewa ba.

Talata, 10 ga Yuni

Auta ta zo shago. Baba ne ya kai mata labari, tsohon nan bakinsa ya buɗe ke nan ba rufewa. Ta tsaya daga bakin ƙofa, ba kwalliya, ta rame. Rediyo ta ajiye maɓallinta ta kasa kunne.

"Yaya, ina wuni." Ban ɗago ba. Na ci gaba da taka keke.

"Kada ki zuba sauran irin a ƙasar nan. Ranar rabo abin da na so in faɗa miki ke nan kika hana ni. Shekara uku ana tumatir a cikinta, cutar ta zauna."

Na ce ashe ke ma malamar gona ce. Na ce ki je ki taka kekenki, ko har yanzu ba ki gano inda ake sa zare ba?

Ta ce, "Ban gano ba." Haka kawai, ko kunya. Sannan ta ce, "Ni ko ƙwaya ɗaya ta irin ba ni da ita. Inna ta hana ni shuka tumatir a gidana don kada ƙasar ta ɗauka. Mijina har tsokanata yake, wai ga fili muna sayen tumatir a kasuwa. Wanda ke hannunki shi ke nan."

Na ce to sai me, in kawo miki shi ma ki haɗa da keke?

Ta ce, "Ke kullum kina da ita, Yaya. Safe da dare. Ni rana ɗaya ce tawa a shekara, wadda zan zauna da uwata ba idonki a kanmu. Ita ma a ɓoye, kamar mun yi sata. Ita ce kike min baƙin ciki?"

Na ce kullum ɗin da nake da ita ai kin ga irinsa, shi ya sa kika gudu.

Ta ce, "Na gudu. Ba zan iya ba ne, tsoro nake ji in gan ta haka. Ban ce na kyauta ba." Ta juya ta tafi. Ba ta ce in yafe ba, ni ma ban ce na yafe ba. Allura ta karye a keke, ban san lokacin da na taka ta kan maɓalli ba.

Laraba, 11 ga Yuni

Ba rashin tsoro ne ya hana ni gudu ba, wurin zuwa ne ba ni da shi. Wannan ban faɗa mata ba.

Lahadi, 15 ga Yuni

Na je wurin masu sayar da furanni a bakin titi in ga ƙasarsu. Mutumin ya rantse har da dafa ƙirji wai ko dutse aka shuka a ciki sai ya tsiro. Na damƙa, yashi ne da dusar katako, har da fasasshiyar kwalba. Na ce a ina aka ɗebo, me aka taɓa shukawa a ciki? Ya ce shi ina ya sani. Shuka ɗaya ta rage min, ba zan yi caca da ita ba.

A hanyar dawowa na bi ta bola. Leda, ruɓaɓɓen abinci, awaki na tono, hayaƙi na tashi. Na tsaya ina ƙoƙarin ganin kaina ina juye ƙasar da ke da ɓawon ƙwan Inna a nan. Na kasa.

To ko bola ko Auta. Gaba kura, baya sayaki.

Asabar, 21 ga Yuni

Na kira Baba ya kai ƙasar gidan Auta. Na juye bokitan a tsofaffin buhuna na ɗaure da kaina. Guntun cokalin da maɓallin na cire na ajiye, waɗannan dai ba za ta samu ba. Ya ce me zan faɗa mata? Na ce ba saƙo, kaya ne kawai, ka juye ka ɗebo ka dawo.

Ina tsaye a baranda na ga baron ya sha kwana. Kujeru sun tafi, keke ya tafi, gida ya tafi, yau ga ƙasar ma ta bi su, kuma da hannuna na ɗaure bakin buhun. Na shiga ɗaki na wanke bokitan da sabulu da ruwan zafi na kife su a rana, don dai hannuna ya samu abin yi.

Bai daɗe ba ya dawo. Na ce har ka haƙa ka cika? Ya ce bai haƙa komai ba, a ɗaure ya same su a rumfa, buhuna a jere. Wai tun shekarar da Inna ta kwanta take cikawa in lokaci ya yi, ta jira, in ba a aiko ba ta juye ta sake shuka wake. Bana ba ta juye ba.

Ƙasar baƙa ce, sakwa-sakwa, da guntayen saiwar wake da tsutsar ƙasa na motsi a ciki. Na so in sami abin kushewa. Na shinshina. Ƙamshin filin bayan gidanmu ne, har ya fi na waccan.

Baba yana sauka ya waiwayo. "Ta ce wai ki adana buhunan, na Inna ne, da su ake kaiwa da kawowa." Na ce na ji. Na ce kuma ya rage yawan magana, tsufa ba hauka ba ne.

Lahadi, 22 ga Yuni

Na binne tsumman duka. Gwangwanin ya zama wofi. Na ɗan jima ina riƙe da shi, sannan na zuba maɓallai a ciki.

Alhamis, 26 ga Yuni

Ba komai tukuna. In bai fito ba, ƙasarta ce ta kashe, kowa ya shaida.

Talata, 1 ga Yuli

Sun fito tun shekaranjiya, ban rubuta ba don kada in yi musu baki. Kauri gare su, wuya ja-ja mai gashi, irin yadda suke fitowa a hannun Inna. Matar mai gida ta hauro ta leƙa, ta ce in dai ba tururuwa ta ƙyale, amma in ya nuna a tuna da ita.

Ban yafe wa kowa ba. Keken nawa ne ko yau ko gobe, kuma maganar da ta faɗa a kaina tana nan inda na ajiye ta. Ranar da ya nuna Babban Yaya da matarsa gani kawai za su yi, wannan rantsuwar ba ta tashi ba.

Buhunan na wanke na shanya. Biyu sun yage a gindi, na tafi da su shago na bi su da zare mai kauri, layi biyu-biyu. Da na juya ɗaya sai na ga tsohon faci a kusurwa, ɗinkin hannu, ƙanana-ƙanana a jere. Ɗinkin Inna ne, ko a mafarki na san shi. Kusa da shi akwai wani, karkatacce, manya-manyan taki kamar an yi da ƙusa, zaren ma bai dace ba. Na ɗauki reza zan farke in gyara, sai na bar shi.

Rediyo ta ce buhun me nake ɗinkewa haka kamar na kai lefe. Na ce buhu ne, baɗi za a buƙace su. Ta ce wa zai buƙata? Na ce ta sa ido a maɓallinta.

Zanina mai kyau yana ƙasan akwati, asu ya fara taɓa gefensa. Na fito da shi ya sha iska kawai.